Bacci na ce bana samu, sai aka rubuta min maganin damuwa

Wa'alaikumus salam jama'a. Saƙonnin wannan satin kusan duk kan rashin bacci ne, sai na zaɓi guda huɗu da suka haɗu a kan magani iri ɗaya.

Wata 'yar uwa daga Zariya ta rubuto: "Likita wata uku kenan sai ƙarfe 2 ko 3 na dare nake samu na ɗan runtsa. Naje asibiti aka rubuta min amitriptyline 25mg, ƙanwata ta duba a waya tace ai na masu ciwon damuwa ne. Dan Allah kallon mahaukaciya suke min ko me?"

Hajiya kwantar da hankalinki, ba wanda ya ce kin haukace. Ƙanwarki tayi gaskiya, asalinsa maganin ciwon damuwa ne, amma yana toshe wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna histamin wanda yana cikin masu riƙe mutum a farke, shi yasa yake sa bacci, kamar dai yadda Piriton ke sa ki gyangyaɗi in kin sha don mura. Mai ciwon damuwa sosai ana kai shi 75 zuwa 150mg a rana kuma sai yayi sati biyu zuwa huɗu kafin ya fara jin sauƙi, shi kuwa na bacci 10 ko 25 ne, tun daren farko zaki ji shi a ido. Akwai 'yan uwansa da muke amfani dasu haka, trazodone da mirtazapine da doxepin. A cikinsu doxepin ƙarami, 3mg da 6mg, shi ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince dashi don rashin bacci a 2010, sauran duk aro muke yi. Ƙungiyar likitocin bacci ta can ma a 2017 cewa tayi hujjar trazodone bata kai a dinga bada shi don rashin bacci kawai ba.

Ni dai a nawa aikin inda nake ganin amfaninsu shi ne in rashin baccin ya zo da rakiya: tunani ya hana mutum sakat, abinci baya masa daɗi, kuka ba dalili, ko ƙafafu na zafi da dare kamar an zuba barkono irin na masu ciwon suga. Nan kam jifa ɗaya tsuntsu biyu. Amma baki faɗa min me ya faru wata ukun da suka wuce ba. Rasuwa akayi? Haihuwa? Matsalar gida? Ki koma ki faɗa wa likitanki wannan, kuma in akwai ciki ko kina shayarwa ya sani. Ki dinga sha da an idar da isha'i kar ki bari sai 11, yana daɗewa a jiki, in kin makara sha sallar asuba sai an tashe ki da ƙyar, kai yayi nauyi har hantsi.

Na biyu wani direban babbar mota ne, yace: "Ina sayen amitriptyline a kemis ina shan biyu in na sauke kaya, in zan tashi kuma in sha tramadol don in ji ƙarfi. Akwai matsala?"

Malam akwai, babba ma. Waɗannan biyun basa shiri ko kaɗan. Kowannensu shi kaɗai yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, in aka haɗa abin ƙaruwa yake, sannan dukkansu suna ɗaga sinadarin serotonin, in yayi yawa sai kaga gumi na karyo wa mutum, jiki na rawa, zuciya na gudu, zazzaɓi, har ya rikice bai san inda yake ba. To ka ɗauka wannan ya same ka kana gangaren Hawan Kibo da tirela cike da siminti. Kuma wanda ka sha da dare bai gama fita ba da safe, kai kana ganin garau kake amma ƙafarka bata kai birki da saurin da ta saba. Wani abin da masu kemis basa faɗa, amitriptyline in ya wuce ƙima zuciya yake bugawa, ya birkita bugunta, yaro ƙarami in ya tsinci 'yan ƙwayoyi a aljihun rigarka ya haɗiye ana iya rasa shi. Ni ina zargin tramadol ɗin da goro da shayin tasha su suka kashe maka baccin tun farko. Kar ka yanke tramadol rana ɗaya in ka daɗe a kai, zaka sha wuya, kaje asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya dake Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ko na Maiduguri, duk wanda ke kan hanyarka, suna da masu wannan aikin kuma ba ɗaure ka za'ayi ba.

Na uku: "Babanmu shekararsa 72, tunda ya fara shan maganin yake bacci amma fitsari sai yayi ta yunƙuri, jiya kuma ya faɗi a hanyar bayi."

Ku maida Baba asibiti yau ɗin nan, kar a jira ranar da aka ba ku. Amitriptyline yana busar da baki, yana sa bayan gida yayi tauri, yana kuma riƙe fitsari musamman ga dattijon da furostet ɗinsa, wato ƙullutun dake ƙasan mafitsarar namiji, ya kumbura, ga jiri in an miƙe tsaye saboda jini na sauka. Tsoho ya tashi cikin duhu da buta a hannu, jiri ya kwashe shi, ƙugu ya karye, wannan tafi rashin baccin muni nesa ba kusa ba. Ni da wuya in rubuta wa wanda ya haura 65 shi. Sau da yawa ma in ka bincika Baba yana baccinsa bayan azahar awa biyu, ya ƙara bayan la'asar a kan tabarma, to da dare me ya rage? In fitsarin ya tsaya gaba ɗaya mara ta kumbura, ko tsakar dare ne a tafi.

Ta ƙarshe wata ɗaliba ce mai shekara 22, tana kan mirtazapine 15mg, tace bacci ya dawo amma cin abinci kamar gara, kayanta sun matse ta, tana so ta daina.

Ƙanwata halinsa kenan, yana buɗe ciki, yawanci kuma kayan zaƙi yake sa mutum kwaɗayi da dare. Kar ki ajiye shi kwatsam, tashin zuciya da jiri da rashin baccin zasu dawo miki tare, likitanki zai rage miki a hankali cikin 'yan makonni. Kafin nan ki tsaida lokacin tashi ɗaya kullum har ranar da babu lakca, waya ta bar gado, in kin kwanta kamar minti 20 bacci bai zo ba ki tashi ki zauna sai ya zo. Kuma tunda baki kai 25 ba, in kika ji tunanin cutar da kanki na zuwa miki, musamman lokacin da ake canza yawan maganin, ki faɗa wa wani a gida ku je asibiti a ranar.