Man gashin Beyoncé da Rihanna: in saya don kishin baƙar fata, ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, shekarata shida ke nan. A wurin aikinmu gardama ta kaure tsakanin abokaina baƙaƙen fata 'yan Amurka. Wasu sun ce duk macen da ke kishin baƙar fata ya kamata ta riƙa sayen kayan gashin da taurarinmu suka fitar, irin su Beyoncé da Rihanna. Wasu kuma sun ce ai waɗannan sun riga sun ƙoshi, kasuwar ƙananan 'yan kasuwa suka zo ci. Kwalba ɗaya takan kai dala 30 ko fiye. Ni gashina mai kauri ne, ga tauri, kuma gaban goshina ya fara cinyewa. In saya ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara da shekaru ina riƙe da mataji, kuma wannan gardamar ta sha tashi a shagona, mace na zaune ana mata tsifa ana musu a kanta. Ra'ayina shi ne ki saya idan abin da ke cikin kwalbar ya dace da kanki kuma aljihunki zai ɗauka, amma kada ki bari wata ta mayar miki da sayen shamfu ma'aunin kishin jinsi. Babu wajibi a nan.

Sai dai kar ki ɗauka abokan aikinki surutu kawai suke yi. A wurin Baƙaƙen Amurka maganar gashi tana da ciwo a ƙarƙashinta. An daɗe ana korar yarinya daga makaranta, ana hana mace aiki, saboda ta zo da kitso ko ta bar gashinta yadda Allah ya halicce shi. Sai a 2019 jihar Kalifoniya ta zama ta farko da ta kafa dokar CROWN, wadda ta haramta nuna bambanci saboda irin gashi ko salon gyaransa. Ga kuma tarihin kasuwar kanta. Tun farkon ƙarni na 20 mata irin su Annie Malone da Madam C.J. Walker suka gina arziki da man gashi, suka horar da dubban mata baƙaƙe su zama wakilan sayarwa, a lokacin da mafi yawan aikin da ake ba baƙar mace shi ne wanki da aikatau. A 1954 George Johnson ya kafa Johnson Products a Chicago, masu Ultra Sheen da Afro Sheen, kuma a 1971 ya zama kamfanin baƙar fata na farko da ya shiga kasuwar hannun jari ta American Stock Exchange. Wato gashi na daga cikin 'yan sana'o'in da kuɗin baƙar fata ke zagayawa a hannun baƙar fata.

Daga baya aka riƙa sayar da kamfanonin ɗaya bayan ɗaya. Johnson Products ya fita daga hannun iyalin a 1993. L'Oréal na Faransa ya sayi Soft Sheen a 1998, ya sayi Carson a 2000, shi ya sa Dark and Lovely ɗin da muka taso muna gani a shagunan Kano da Kumasi nasa ne. Carol's Daughter, wanda Lisa Price ta fara haɗawa a kicin ɗinta a Brooklyn, L'Oréal ya saye shi a 2014. SheaMoisture na Richelieu Dennis ɗan Laberiya ya koma hannun Unilever a 2017. Mielle na Monique Rodriguez ya koma hannun Procter & Gamble a farkon 2023. Duk lokacin da aka yi irin wannan ciniki, matan da suka ɗaga kamfanin da kuɗinsu tun yana ƙarami sukan ji kamar an yi musu ƙwace. Don haka idan abokiyarki ta ce "mu sayi namu", wannan tarihin ne ke magana a bakinta, kuma ina girmama shi.

Inda na rabu da ita shi ne a kalmar "namu". Fuskar da ke kan talla ba ita ce takardar mallaka ba. Taurarin nan ba tsari ɗaya suka bi ba. Tracee Ellis Ross ta fitar da Pattern a 2019, ita ce ta kafa shi, kuma ta sha faɗin cewa ta yi kusan shekara goma tana neman wanda zai saurare ta kafin ya tabbata. Taraji P. Henson ta fitar da TPH a 2020 tare da Maesa, kamfanin da sana'arsa ita ce ƙirƙirar kayan kwalliya tare da fitattun mutane. Gabrielle Union ta fara Flawless a 2017, ta janye shi, ta sake fitowa da shi a 2020 tare da mai gyara mata gashi Larry Sims, da farashi mai sauƙi. Issa Rae kuwa ba ta ƙirƙiri sabo ba, ta shiga Sienna Naturals ne, ƙaramin kamfanin da Hannah Diop ta riga ta kafa, ta zama abokiyar mallaka. Wannan tsarin na Issa Rae shi ya fi kwanta mini a rai, domin ta ɗora sunanta a kan aikin wata da ta riga ta sha wahalarsa. Beyoncé ta fitar da Cécred a Fabrairun 2024, kuma ba baƙuwa ba ce a sana'ar: mahaifiyarta Tina Knowles ta yi shekaru tana da shagon gyaran gashi a Houston, a can Beyoncé ta taso tana share gashin da aka aske. Rihanna ta biyo da Fenty Hair a watan Yunin shekarar. Ita ma kamfaninta na kwalliyar fuska, Fenty Beauty, da haɗin gwiwar LVMH, babban kamfanin kayan alfarma na Faransa, aka kafa shi.

Kin ga ke nan "na tauraruwa ne" bai gaya miki komai ba tukuna. Juya kwalbar ki karanta bayanta. A ƙasa akwai sunan kamfanin da ya haɗa ko yake rarrabawa, da ƙananan haruffa. Sa sunan a intanet, minti biyar ya isa ki san ko mai fuskar tana da hannun jari ko dai an biya ta ne ta tsaya a hoto.

Game da cewa suna cin kasuwar ƙanana, akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Wurin jera kaya a manyan shaguna irin su Ulta, Sephora da Target yana da iyaka. Tauraruwa kan samu wurin da ya fi kyau tun ranar farko, ita kuwa mai haɗa man gashi a ɗakinta takan yi shekaru kafin a ɗaga wayarta. A ɗaya hannun, na ga da idona yadda sashen gashin baƙar fata a waɗannan shaguna ya tashi daga ɗan lungu ya zama layi guda, kuma sunayen taurarin na cikin abin da ya jawo hakan. Wasunsu ma suna mayar da wani abu: Cécred ya ware dala 500,000 a shekara ta gidauniyar BeyGOOD don tallafa wa ɗaliban koyon gyaran gashi da masu shaguna. Abu ne mai kyau. Amma mu faɗi gaskiya, dala talatin ɗinki ba za ta ƙara wa Beyoncé ko Rihanna komai ba. Ita kuwa matar da ke sayar da man kaɗanya a Harlem, ko mai kitson unguwarku da ke haɗa nata man, wannan kuɗin cefanen gidanta ne. Idan tallafi ne niyyarki, kin san inda zai fi nauyi.

Akwai kuma wani "namu" da ba a cika tunawa da shi a gardamar Amurka ba, kuma ke Bahaushiya kin fi su saninsa. Man kaɗanyar da ke cikin yawancin kwalaben nan daga yankinmu yake fitowa, arewacin Gana, Burkina Faso, Mali, Najeriya. Mata ne ke tsinto 'ya'yan da sassafe, su dafa, su shanya, su daka, su soya, su niƙa, su yi ta bugawa da hannu har man ya taso. Garin chebe da duniya ta rikice a kansa na matan Chadi ne. Idan kamfani ya rubuta "man kaɗanya daga Afirka" da manyan baƙi, ni abin da nake so in sani shi ne daga wa ya saya, kuma nawa ya biya ta. Wanda ya fito ya bayyana wannan, ko tauraruwa ce ko ba ita ba, ya fi cancantar kuɗina.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato goshinki. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo mini da jaka cike da kwalabe, ta zazzage su a kan tebur, sun kai goma, kusan duk masu tsada. Da ta zame ɗankwalinta sai na ga gaban kan ya yi sulɓi tun daga saman kunne har goshi, ga 'yan ƙuraje a gindin kitson. Kalaba ce ƙanana da ƙarin gashi mai nauyi, an ja ta har fatar ta ɗaga, kuma ta ce mini wata biyu take barinta, tana tsefewa yau gobe a sake. Babu kwalbar da za ta gyara wannan, ko sunan wa ke jikinta. Ja ne ke tsige gashin daga tushe, kuma idan aka daɗe ana yi tushen yakan mutu, ba ya sake tsirowa.

To ki fara da nan. Ki sassauta kitso, idan kin tashi daga hannun mai kitso kina jin kanki na zafi ko girarki ta ɗaga, ya yi tsauri, a kwance gaban. Ki huta da ƙarin gashi da gam ɗin hular gashi na 'yan watanni. Ki daina ɗaure ɗankwali tamau a kan layin goshi, ki sa hula mai santsi a ƙarƙashi, kuma kada ki rufe kai gashi na jiƙe bayan wanka. Idan bayan wata uku ba ki ga ƙananan gashi na tsirowa ba, ko kin lura tsakar kanki ma na raguwa da ƙaiƙayi ko zafi, ki je wurin likitan fata ba tare da jinkiri ba. Akwai wani nau'in zubewar gashi da ke farawa daga tsakar kai, ya fi kama mata baƙaƙe, yana barin tabo, kuma saurin zuwa asibiti ne ke ceton abin da ya rage. A duba miki jini ma, don ƙarancin sinadarin ƙarfe da matsalar maƙoƙo duk suna zubar da gashi. Idan kina sa man miƙar da gashi, ki sani wani babban bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka da aka fitar a 2022 ya gano cewa matan da ke yawan amfani da shi, fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kansar mahaifa ya ninka a wurinsu fiye da sau biyu. Binciken bai tabbatar cewa man ne sanadi ba, amma ya isa a yi hattara.

Idan kin zo saye, gashi mai kauri da tauri irin naki danshi yake nema. Ana jera sinadaran kwalba ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka ki duba biyar na farko. Idan man da aka yi talla da shi yana can ƙarshen jeri, ɗigo ne aka sa. Ki yi a hankali da masu furotin da yawa, irin na keratin da ruwan shinkafa. Suna taimakon gashin da rini ko zafin na'ura ya lalata, amma idan aka yawaita su a kan busasshen gashi sai ya ƙara tauri ya riƙa karyewa. Ki sayi ƙaramar kwalba, abu ɗaya a lokaci guda, ki ba shi sati shida. Idan za ki kashe kuɗi a wuri ɗaya, ki kashe a kan kwandishana mai kyau, domin shamfu minti biyu yake yi a kai ya bi ruwa. In na Pattern ko Cécred ko Fenty ne ya karɓe ki, ki ci gaba da saye da zuciya ɗaya. Man kaɗanyar da za ki shafa a kai kuwa, ki sa a kawo miki daga gida.