Hayar ɗaki mai kaya ga baƙin kwana biyu a Garwa: ta ina za a fara?

Malam, ka tambayi yadda za ka fara ba baƙi hayar ɗakunanka na 'yan kwanaki. Kafin ka sayi ko katifa, je ofishin ma'aikatar yawon buɗe ido na yankin Arewa ka nemi izini, domin dokar yawon buɗe ido ta Kamaru ta shekarar 2016 ta sa irin wannan masauki ƙarƙashinsu. Ka yanki lambar biyan haraji, ka kuma tambayi harajin kwana da ake karɓa a hannun baƙo. Kowane baƙo a rubuta sunansa da lambar katin shaidarsa.

Inda aka fi tafka asara, wutar lantarki ce. A Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40, baƙo ya bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana. Sa mitar kati a kowane ɗaki, kuma ka tanadi tankin ruwa.