Amsa ga ƙanenmu kan matsin da yake sha a wurin aiki

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na saurari muryar da ƙanenmu ya turo daren jiya, inda ya ce a cikin wata goma an sauya masa sashe har sau uku a babban kamfanin da yake aiki, an ɗora masa cinikin da shi kansa manajan ya san ba zai yiwu ba, kuma duk ranar Litinin sai an karanta sunayen waɗanda suka gaza a gaban kowa. Na kuma ji amsar Alhaji, wanda ya ce a yi haƙuri tunda albashi yana shiga, wataƙila manajan ne kawai ba shi da hali. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban ƙi maganar haƙuri ba, amma a kan manajan ina da ja, kuma hujjata wata shari'a ce da aka yi a Faransa.

Kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda ya koma Orange a 2013, ba baƙo ba ne ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru. Asalinsa na gwamnati ne, sai a 2004 hannun jarin gwamnati ya yi ƙasa da rabi, ga bashi ya yi masa katutu. Shugabanninsa suka tsara cewa tsakanin 2006 da 2008 sai ma'aikata 22,000 sun tafi, wasu 10,000 kuma a sauya musu aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne, akasarin ma'aikatan suna riƙe da matsayin ma'aikatan gwamnati tun kafin a sayar da kamfanin, don haka doka ba ta yarda a sallame su haka kawai ba. Tunda kora ta gagara, sai aka zaɓi a ƙuntata wa mutum har ya ajiye aikin da kansa. A watan Oktoban 2006 shugaban kamfanin, Didier Lombard, ya faɗa wa manyan manajoji cewa ko ta halin ƙaƙa sai mutanen sun fita, ko ta taga ko ta ƙofa.

Ku duba yadda magana ɗaya daga sama take zama azaba a ƙasa. An bai wa kowane sashe adadin mutanen da zai rage, aka kuma haɗa wani kaso na kuɗin da manaja zai samu da yawan waɗanda suka tafi a ƙarƙashinsa. Mutumin da ya shekara ashirin yana gyaran layukan waya sai a wayi gari an mayar da shi ɗakin amsa kiran kwastomomi, an ɗaura masa abin saurare a kunne, ana ƙirga mintunan da yake yi da kowane mai kira. Wani kuma a tura shi gari mai nisa da iyalinsa, kafin ya zauna daram a sake tayar da shi. A shekarun 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka hallaka kansu, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, kuma da 'yan jarida suka matsa, Lombard ya kira abin da “yayi”, kalmar da daga baya ya nemi afuwa a kanta.

A watan Disambar 2019 wata kotu a Paris ta same shi da laifi tare da mataimakinsa Louis-Pierre Wenès da shugaban sashen ma'aikata Olivier Barberot, ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara ɗaya, wata takwas daga ciki na jeka-ka-gyara-halinka, da tarar Yuro 15,000, kamfanin kuma aka ci shi Yuro 75,000. A ganina tarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi tarar nauyi shi ne kotun ta amince cewa tsarin kamfani kansa yana iya zama cin zarafi, ko da shugaban bai taɓa haɗa ido da ma'aikacin da ya cutu ba, kuma kotun ƙoli ta Faransa ta tabbatar da wannan a watan Janairun 2025.

Shi ya sa, Alhaji, nake shakkar cewa halin mutum ɗaya ne. Ni kaina na riƙe sashe a wani kamfani da ba zan ambata ba, kuma na san yadda takarda take saukowa daga hedikwata da lamba a jikinta ba tare da bayani ba. Akwai wani dattijo mai kula da sito da na sa hannu a takardar sauya masa wuri sau biyu a shekara ɗaya. Ranar ta biyun ya tsaya a bakin ofishina da makullan siton a hannu, ya tambaye ni a hankali ko akwai laifin da ya yi, ni kuwa na rasa abin da zan ce masa, domin umarni ne aka ba ni.

Ƙanena, ban ce kamfaninku ya kai na Faransa ba, kuma dokarsu ba tamu ba ce. Abin da nake so ka gano shi ne ko kai kaɗai ake yi wa haka, ko kuwa sauran sassan ma haka abin yake, musamman ga waɗanda suka daɗe kuma albashinsu ya yi sama. Ka nemi duk sauyin aiki ya zo maka a rubuce, ka riƙa ajiye kwafi a gida tare da kwanan wata, kuma kada ka rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi, domin mai ajiyewa da kansa sau da yawa yakan rasa haƙƙin da wanda aka sallama yake samu. Idan kuna da ƙungiyar ƙwadago, ku kai kukan a tare, in ta kama kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Idan barci ya fara ƙaurace maka, ka ga likita, kada ka ɓoye wa iyalinka. Ka turo mini takardar ɗaukarka aiki ta bayan fage, in sha Allahu zan duba sashen sauyin wuri da na sallama kafin Juma'a.