Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: wa ya kamata ya riƙe maƙullin shafi?

Salamu alaikum jama'a, wanga satin tambayoyin da suka zo min kusan duka kan abu guda suke zagaye, wato maganar wa ke da ikon taɓa mi a cikin shafin intanet, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Malam ni direkta ne na wata lakkol mai zaman kanta a unguwar Ali Ɗan Sofo, muna da shafi na WordPress, ni da sakatare da malamai uku duk kalmar sirri guda muke shiga da ita, shekaranjiya muka wayi gari sanarwar kuɗin rajista ta ɓace kuma kowa ya rantse ba shi ba ne. Yaya zan gane wanda ya yi?

Amsa: Malam direkta Allah ya ba ka haƙuri, gaskiya ba za ka gane ba, don a wurin WordPress, wato manhajar da aka gina shafin naku da ita, ku biyar ɗin mutum guda ne, duk abin da aka yi suna guda zai rubuta. Amma fara leƙa kwandon shara na cikin shafin tukuna, abin da aka goge yana kwana 30 a can kafin ya tafi gaba ɗaya, in shekaranjiya ne tana nan sai ka maido ta da dannawa guda.

To yanzu ga inda gyaran yake. WordPress tun da ya fito a 2003 ya girma har yanzu fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanshi suke, kuma waɗanda suka gina shi sun san ba mutum ɗaya ke aiki a shafi ba, shi ya sa suka yi matsayi biyar. Na sama shi ne admin, shi ke sa pulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, ya cire, ya canza kamannin shafi, ya buɗe wa wani kont ko ya kore shi, har kai kanka wani admin zai iya goge ka, ka lura da wannan da kyau. Ƙarƙashinshi edita, yana rubutu yana wallafawa, yana gyara na kowa yana goge na kowa, amma hannunshi bai kai ga saitin shafi ko kont ɗin mutane ba. Sai ota wato marubuci, nashi kaɗai yake wallafawa, yana sa hoto, bai iya taɓa rubutun wani. Sai kontiribita, wanga yana rubutawa ne ya aje sai wani na sama ya duba ya sake shi, ko hoto ba ya iya ɗorawa. Na ƙarshe abone, shi bayanin kanshi kawai yake gyarawa.

In ni ne kai, admin kai kaɗai, sakatare edita tunda ita ke sanarwa kullum, malamai kuwa ota, in akwai sabo da ba ka gama sanin hannunshi ba ka fara shi da kontiribita. Ka shiga wurin kont-kont a gefen hagu, ka danna ƙara sabo, ka sa imel ɗin mutum na kanshi ba naka ba, ka zaɓi matsayi, shi zai sa kalmar sirrinshi da hannunshi. Minti biyu ne kowane mutum kuma ko dala ba ka biya. Bayan nan sai ka canza tsohuwar kalmar da kowa ya sani, in ba ka canza ba walahi aikin banza ka yi.

Na san abin da ke hana mutanenmu wannan, kunya ce. Kana jin nauyin ka ce wa malamin da kuka yi shekara goma tare ba za a ba shi maƙullin duka ba kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Amma dubi babbar kasuwa mana, Alhaji yana ba yaron shago maƙullin ƙofa ya buɗe da safe ya share, na akwatin kuɗi yana aljihun Alhaji, kuma ba wanda ya taɓa cewa zagi ne. Kuma fa kariya ce gare su su ma, yau ga shi mutum huɗu ana musu kallon zargi kan abin da wataƙila yatsa ne ya zame a kan waya. Ka ƙara da pulogin ɗin Simple History, kyauta ne, yana rubuta wa ya shiga, wa ya gyara, wa ya goge, da ranar da lokacin.

Tambaya: Ina saida atamfa da leshi, wani yaro ya haɗa min shafi na biya shi jaka ɗari da hamsin, yanzu ya tafi Agadas ba ya ɗaukan waya, ni kaya kawai nake iya sawa ban iya canza komai. Shafin nawa ne ko nashi?

Amsa: Hajiya wannan tambayar ta taɓa ni don na ga irinta ba sau ɗaya ba. Daga bayaninki ya yi miki WooCommerce ne, pulogin ɗin da ke maida shafin WordPress shago, ya ba ki matsayin manajan shago, kina sa kaya kina ganin oda, shi ya riƙe admin. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, masu haɗa shafi da yawa suna yin haka don kar mai shi ya lalata wani abu da kuskure. Damuwar tana sama da nan. Shafi hawa uku ne, akwai sunan shafin wato domen, wanda ake sabunta hayarshi duk shekara, akwai masaukin da aka aje fayilolin, sannan WordPress ɗin kanshi. Wanda imel ɗinshi ke kan domen da masauki shi ne mai gida ko da kuwa wani ne ya biya, don daga masauki ana iya shiga rumbun bayanan shafin ta wata manhaja mai suna phpMyAdmin a ƙirƙiro sabon admin ba tare da an nemi tsohon ba.

Sai ki bincika imel ɗinki, in akwai resi ko saƙon sabuntawa daga kamfanin masauki da sunanki to alhamdu lillahi, kowane masani zai maido miki admin cikin ɗan lokaci. In da sunan yaron ne, Hajiya lallashi za a yi, a bi ta iyayenshi ko wanda ya haɗa ku, a roƙe shi ya maida zuwa imel ɗinki, kuma a yi kafin ranar da hayar domen za ta ƙare, in ta wuce aka daɗe ba a biya ba sunan na iya komawa kasuwa wani ya saye. Kafin nan ki fidda jerin kayanki da na masu oda ki aje a wayarki ko kile. Kuma dan Allah masu niyyar ba da aikin shafi, ranar farko ku zauna tare a buɗe komai da imel ɗinku da lambarku, shi mai aikin a buɗe mishi kont nashi daban.

Tambaya: Yaya, wanda ke rubuta muna labarai a shafin ƙungiyarmu ta matasa a Tibiri ya bar mu, in na goge kont ɗinshi rubutunshi zai tafi?

Amsa: Ƙanena tsaya kar ka yi sauri. In ka danna gogewa zai tambaye ka abu biyu, a goge duk abin da ya sa ko a maida wa wani, ka zaɓi na biyu. Ni na taɓa yin wannan kuskuren a shafin wata ƙungiya da dare ina gaggawa caji na ƙarewa, rubutun na same su a kwandon shara amma hotunan taron shekara guda sun tafi, sai da muka bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya, har yau in na tuna raina na ɓaci. In kuma kuna so sunanshi ya zauna a kan aikinshi, wanda a ganina shi ne adalci tunda shi ya sha wahalar, ba sai an goge ba, ka sauke shi zuwa abone kawai. Ka kuma tuna ko yana cikin masu kula da shafinku na Facebook, nan ake yawan mantawa.

Tambaya: Ina ganin sababbin kont da sunaye na ban mamaki a shafina, ban san su ba, an yi min kutse ne?

Amsa: Ɗan'uwa dubi matsayinsu tukuna. In duk abone ne, galibi ƙofar rajista ce ka bari buɗe, manhajojin banza masu yawo a intanet ke cika ta. Je saiti, sashen farko, akwai ɗan akwati da ke cewa kowa na iya rajista, cire alamar, a ƙasanshi kuma ka tabbata matsayin sabon shiga abone ne. Amma in ka ga ko guda ɗaya a matsayin admin kuma ba kai ka sa shi ba, to an shigo, goge shi kaɗai bai isa ba don mai kutse yakan bar wata kafa a cikin fayiloli. Ka canza kalmar sirrin admin da ta masauki da ta imel ɗinka daga na'urar da ka yarda da ita ba daga sibar ba, ka sabunta duk pulogin, waɗanda aka ba ka na sata kyauta ka cire su don ta nan ake yawan shigowa, ka sa pulogin ɗin tsaro mai suna Wordfence ya bincike fayilolin, sannan ka kunna tabbaci mai hawa biyu, na manhajar da ke ba da kod a waya ko babu reso. In kana da ajiyar shafin, wato kwafinshi da aka aje, ta kafin ranar da kont ɗin ya bayyana, maido ta ya fi sauri, ka turo min ranar da ka fara ganinshi mu duba tare.