Sabar waƙoƙina ta gida tana ɓata min rai, ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na haɗa sabar waƙoƙi a gida da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4, na sa manhajar sabar waƙoƙi ta Navidrome ta cikin Docker, wanda ke gudanar da manhaja a cikin keɓaɓɓiyar kwantena, waƙoƙin kuma suna kan faifan ajiya na waje da na jona ta USB. Farko komai lafiya, amma yanzu matsala ta yi yawa. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo sai in tarar babu waƙa ko ɗaya, album ɗaya sai ya rabu kashi uku ko huɗu, wani lokaci waƙa tana tsayawa a tsakiya, sannan in na fita daga gida wayata ba ta ganin sabar kwata-kwata. Ko in goge in koma wata manhajar sabar irin Jellyfin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka goge komai tukuna. Abubuwa huɗun nan da ka lissafa, babu ɗaya da laifin Navidrome ne, kuma in ka koma Jellyfin ko Plex za ka tarar da yawancinsu suna jiranka a can, domin matsalar tana ƙasa da manhajar: faifan, wutar da ke shiga Pi ɗin, bayanan da ke rubuce cikin fayilolin, da kuma yadda intanet ɗinka yake. Navidrome ma zaɓi ne mai kyau ga ƙaramar na'ura irin taka, ba ta cin memori, waƙa kawai ta sani.

Mu fara da ɓacewar waƙoƙin, don ita ce ta fi tayar da hankali. Abin da ke faruwa shi ne Docker yana riga faifan tashi. Pi ta kunna, kwantenar Navidrome ta tashi da sauri, ta leƙa foldar waƙoƙi ta ga wayam, saboda faifan bai gama juyawa ba balle a maƙala shi a wurinsa, sai ta ɗauka ka goge komai. Abin ya fi muni in ka bar tsarin yana maƙala faifan da kansa a ƙarƙashin /media, don wannan sau da yawa sai an shiga akawun ta fuskar kwamfuta yake faruwa, kuma sunan foldar yana iya canzawa. Maganin: ka buga blkid ka kwafi lambar UUID ta faifan, wato lambar shaidarsa da ba ta canzawa don an cire an mayar, ka buɗe /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa na'ura inda za ta maƙala kowane faifai, ka ba shi wurin zama na dindindin, misali /mnt/wakoki. Kar ka yi amfani da /dev/sda1, yau shi ne sda gobe in ka jona filashi ya zama sdb. Ka sa nofail don Pi ta iya tashi ko faifan ba ya nan, amma ka lura, nofail kaɗai ba ya hana Docker yin gaba, shi ya sa za ka ƙara x-systemd.before=docker.service a layin. Kafin ka kashe ka kunna ka gwada da mount -a, in akwai kuskure a nan za ka gani, kuskure a fstab yana iya hana na'ura tashi gaba ɗaya. In bayan wannan har yanzu fanko ne, to izini ne, ka buga id ka ga lambar akawun ɗinka, yawanci 1000, ka tabbata ita ce a fayil ɗin saitin Docker kuma tana da ikon karanta foldar. Ni ina sa :ro a ƙarshen layin foldar waƙoƙi a fayil ɗin Docker, sabar ta karanta kawai, ba ta da abin da za ta rubuta a can.

Tsayawar waƙa a tsakiya kuma, mutane suna saurin ɗora wa waifai laifi, alhali FLAC, tsarin fayil ɗin waƙa da ba ya rage inganci, mai ingancin CD bai cika wuce 1000 kbps ba, ko waifai mai rauni zai ɗauka. Abin da na fi zargi a irin haɗinka shi ne wuta. Pi 4 tana buƙatar caja mai 5V 3A, kuma duk ramukan USB ɗinta a haɗe kusan 1.2A suke bayarwa, faifai mai juyawa kuwa lokacin da zai tashi yana zuƙar wuta sosai. In ka sa mata cajar waya ta gama-gari, ko kebul siriri, wutar ta faɗi, faifan ya katse na ɗan lokaci, waƙa ta tsaya. Buga vcgencmd get_throttled, in ya ba ka 0x0 to lafiya, in wata lamba ce daban akwai magana, kuma a dmesg za ka ga gargaɗin ƙarancin wuta. Ka samo caja ta gaske, ko ka jona faifan ta USB hub mai wutarsa, ko ka koma SSD. In kuma jinkirin a farkon waƙar farko ne kawai bayan an daɗe ba a kunna ba, faifan ne ya yi barci yana farkawa, wannan ba ciwo ba ne. Sannan don Allah ka jona Pi ɗin da rauta ta kebul, tana da ramin gigabit, sabar da ke zaune wuri ɗaya ba ta da dalilin hawa waifai.

Yanzu rabuwar album, wanda shi ne aikin da zai fi cin lokacinka kuma babu gajeriyar hanya. Navidrome ba ruwanta da yadda ka jera foldodi, tag take karantawa, wato bayanan da ke cikin fayil ɗin kansa. In album yana da waƙoƙi goma, uku daga ciki an yi su da baƙon mawaƙi, kuma gurbin Album Artist babu komai, sai ta ɗauki sunan mawaƙin kowace waƙa ta raba su. Haka in an rubuta sunan album daban a wata waƙar ko da da harafi ɗaya ne, ko akwai sarari a ƙarshe da ido ba ya gani, ko shekara ta bambanta. Doka ɗaya ce: duk waƙoƙin album su kasance da Album da Album Artist iri ɗaya sak, gurbin Artist ne kawai zai bambanta. Tarin waƙoƙin mawaƙa daban-daban kuma ka sa Various Artists ka kunna alamar compilation. MusicBrainz Picard, abin gyaran tag da ke ɗauko bayanai daga rumbun MusicBrainz na intanet, zai yi maka mafi yawan aikin, har yana iya gane waƙa ta sautinta, amma kar ka zuba masa duk tarin lokaci ɗaya ka danna ajiye, yana kuskure, yakan ɗora waƙa a kan wani fitowar album ɗin daban, ka bi album-album kana dubawa. Waƙoƙin da ba su cikin rumbun MusicBrainz, kuma suna da yawa, sai da hannu, Mp3tag ko Kid3 sun isa. Ka yi kwafin tarin kafin ka taɓa komai. Ka ajiye hoton bango da sunan cover.jpg a cikin foldar kowane album, in ka gama ka sa Navidrome ta yi cikakken sikan ba na sauri ba.

Saura shiga daga waje. Adireshin da ka sa a waya, irin 192.168.1.20:4533, na cikin gida ne, da ka fita ya daina aiki. Kafin ma waje, ka shiga rautarka ka kafe wa Pi adireshi ɗaya, in ba haka ba wata rana zai canza ka ɗauka sabar ta mutu. Shawarar da za ka fi ji ita ce ka buɗe ƙofa 4533 a rauta, ni ban ba ka ita ba. Na farko kana miƙa shafin shigarka ga duk duniya ba tare da HTTPS ba, na biyu mai yiwuwa ma ba zai yi aiki ba, domin kamfanonin intanet da yawa, musamman masu amfani da layin waya, suna haɗa kwastomomi da dama a kan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Ka duba adireshin WAN a shafin rauta, in ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to komai ka buɗe ba mai iso gare ka. Hanya mafi sauƙi ita ce Tailscale, wanda ke haɗa na'urorinka ta keɓantacciyar hanya kamar suna gida ɗaya, ka sa a Pi ka sa a waya da akawun ɗaya, zai ba Pi adireshi nasa wanda shi ma da 100 yake farawa, kar wannan ya ruɗa ka, shi za ka sa a manhajar wayar da :4533 a ƙarshe. Babu ƙofar da za ka buɗe.

Da zarar ya yi aiki a waje za ka ga data na tafiya, waƙar minti huɗu a FLAC tana kai 25 zuwa 30 MB, amma a Opus, tsarin da ke matse waƙa, a 128 kbps ba ta wuce 4 MB, kuma a kan hanya da iyafis da wuya kunne ya bambance. Kunshin Docker na Navidrome yana zuwa da ffmpeg, abin da ke sauya tsarin fayil ɗin waƙa, a ciki, don haka a Symfonium ko wata manhajar waya da ke jin yaren Subsonic, wanda Navidrome ke magana da shi, kamar Amperfy a iPhone, ka saita ta rage nauyi in kana kan data ta bar asali in kana waifai.

Ka bi su a jere, faifai, wuta, tag, sannan waje, kana gwada kowanne kafin na gaba. Kuma foldar data inda navidrome.db yake, ka riƙa kwafe ta wani wuri lokaci-lokaci, jerin waƙoƙinka da taurarin da ka sa da lissafin sauraro duk a ciki suke, katin SD na Pi kuwa ba ya son ɗaukewar wuta ba zato. In wani abu ya ƙi, turo min abin da docker logs ya nuna da layinka na fstab mu duba tare.