Fara da wanda mai labarin ya karanta da bakinsa

Ɗan'uwa, ka ce hankalinka na tafiya in kana sauraron littafin tarihi, kana tambayar ta ina za ka fara. Nemi wanda mutum ya rubuta rayuwarsa kuma ya karanta da kansa. Muryar mai abu tana riƙe kunne, har wurin da abin ya yi masa ciwo za ka ji.

Tarihin dauloli da yaƙe-yaƙe ne mai wuya, domin sunaye da shekaru suna wucewa kafin su zauna maka. Rage saurin karatun, duba taswira tukuna, kuma babi ɗaya ya isa a zama guda.

In kuɗi ne damuwa, akwai LibriVox, shafin intanet na littattafan sauraro, kyauta ne tun 2005. Sai dai tsofaffin littattafai ne, kuma 'yan sa-kai ke karantawa, don haka ɗanɗana muryar kafin ka sauke.