Ƙashin da ya fi tsufa, shi ne asalin cutar?

Tambaya: Malam, na karanta cewa an gano alamun kuturta a jikin wani tsohon kwarangwal a Indiya. Ashe ke nan can cutar ta samo asali?

Amsa: Ba lalle ba ne. Kwarangwal ɗin da kake nufi an tono shi ne a Balathal, jihar Rajastan, kuma ya kai shekara 4,000. Abin da ya nuna shi ne akwai kuturta a wurin a wancan zamani, ba wai daga nan ta fara ba.

Da farko sai an tabbatar da cutar. Kuturta tana cinye gefen ramin hanci da ƙashin da ke riƙe haƙoran gaba na sama, yatsu kuma su siranta su yi tsini. Tarin fuka yakan ɓurma gaɓoɓin gadon baya har mutum ya yi doro. Sai dai saiwar bishiya, gara da gishirin ƙasa su ma suna huda ƙashi, shi ya sa ake tatsar garin ƙashi kaɗan, kamar miligiram 50, a nemi DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayar cutar.

Sai shekarun ƙashin, da ake aunawa da kabon-14, wani sinadari da ke raguwa a hankali bayan mutuwa. Nan ma akwai tarko: wanda ya rayu yana cin kifin teku, awon na iya ƙara wa ƙashinsa ɗaruruwan shekaru. Wannan ya dagula muhawarar ko tunjere daga nahiyar Amurka ya shigo Turai, domin kuskuren shekara ɗari ya isa ya mayar da gawa kafin dawowar matuƙin jirgin ruwa Kolombus Turai daga Amurka a 1493, ko bayanta.

Abin da aka fi mantawa shi ne mutum ba lalle ya girma inda aka binne shi ba. Farin ɓawon haƙori ba ya sabuntuwa. Sinadarin sitironshiyam da ya shige shi daga ruwa da abinci tun yarinta yana nan yadda yake, kuma yanayinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Da shi aka ga alamar cewa wani kuturu da aka binne a Great Chesterford a Ingila wajen ƙarni na 5 ko na 6 mai yiwuwa daga Sikandinebiya, a arewacin Turai, ya fito. Ƙashi bai dace da wannan awo ba, don yana shan sinadarin ƙasar kabari.

Tambaya: To me ya hana a yanke hukunci?

Amsa: Shaidar ce ba ta cika ba. Masu tarin fuka ƙalilan ne cutar ke kaiwa ƙashinsu, wanda ta kashe da wuri kuwa ƙashinsa lafiya lau. Zafi da laima suna lalata DNA, ga shi an fi yin tono a Turai, don haka taswirar inda aka samu cututtukan ta karkata can. Cuta ma ba sai da mutum take tafiya ba: binciken 2014 a kan gawawwaki uku na Peru, masu kimanin shekara 1,000, ya nuna tarin fukansu irin na dabbar teku ce da ake kira sil.